NA'URAR HOTON CIKI DA MAS'ALAR SANIN GAIBU

A ƙasar Bagwai, arewa maso yamma da birnin Kano, inda gona ke manne da gona, wannan ƙauye yana jin kiran sallar wancan, akwai wata mas'ala wadda kakanni ba su san ta ba, amma yau ta shiga gidaje da yawa. Mace mai juna biyu ta tafi awo, malamar asibiti ta duba ta, sa'an nan ta rubuta mata 'yar takarda ta ce a je a yi hoton ciki, watau abin nan da mata suka fi sani da suna sikanin. Ta kawo wa maigida takarda. Shi kuwa ya yi ta juya ta a hannu, yana tuna kuɗin mota da kuɗin hoton kansa, ga damina ta kama, ga taki bai samu ba. In ya kai maganar zaure, ba a rasa dattijo guda wanda zai ce masa, “Haba Malam, ka bar wa Allah ikonsa mana. Abin da ke cikin mahaifa Shi kaɗai Ya san shi. Mu da aka haifa a ɗaka, wa ya leƙa mu?” Nan take sai zuciyar maigida ta yi sanyi, gama an ba shi hujja ta addini a kan abin da aljihunsa ya riga ya yanke. Takarda ta koma ƙarƙashin katifa.

Bai kamata a yi wa dattijon nan dariya ba, don maganarsa tana da tushe. Ayar ƙarshe ta Suratu Luƙman ta lissafa abubuwa biyar waɗanda saninsu yake wurin Allah, kuma abin da ke cikin mahaifa yana ɗaya daga cikinsu. Duk wanda ya yi karatun allo ya ji wannan. To, ga shi kuwa an wayi gari wani ma'aikaci yana shafa wa mace mai a ciki, ya ɗora ɗan ƙarfe, ya dubi gilashi ya ce tagwaye ne, ko ya ce namiji ne, kuma a haihu a tarar haka ɗin ne. Mai raunin ilmi sai ya faɗa ɗayan ramuka biyu: ko ya ƙaryata abin da idonsa ya gani don ya tsare imaninsa, ko ya soma shakkar ayar don ya gaskata idonsa. Kafin a fitar da shi daga ramin, wajibi ne a fara sanin abin da na'urar take yi, domin malaman usulu sun ce ba a yanke wa abu hukunci sai an san surarsa.

Asalin al'amarin ya faro ne a garin Wurzburg na ƙasar Jamus a cikin watan Nuwamba na 1895, sa'ad da wani malamin kimiyya, Wilhelm Rontgen, ya gano wani irin haske wanda ido ba ya gani, mai ratsa tsoka amma ƙashi ya tare shi. Bayan 'yan makonni ya ɗauki hoton hannun matarsa, ƙasusuwa suka fito da zobe a yatsa. Wannan shi ne eksire, hoton ƙirji da na karaya da kowa ya sani. Amma fa inuwa ce kurum. Kamar mutum ne ya tsaya bayan labule da fitila: za a ga siffarsa, ba za a san abin da ke gaba da abin da ke baya ba, gama duk sun haɗu sun zama inuwa guda. Saboda haka ne aka yi shekara saba'in da ɗoriya ƙoƙon kai yana rufe da ƙwaƙwalwa, likita ba ya iya ganin ƙari ko jinin da ya taru a ciki sai ta hanyoyi masu wuya da haɗari.

Hoton da ake yi wa masu ciki kuwa ba haske ba ne, sauti ne. Kowace mace da ta taɓa sayen tukunya a kasuwa ta san sirrinsa, don takan ƙwanƙwasa ta saurara, daga amon ta gane ko akwai tsaga a ɓoye. Na'urar tana aika sauti siriri ƙwarai, wanda kunne ba ya ji, ya shiga jiki yana tafiyar kamar mita 1,540 a daƙiƙa guda, in ya bugi kan jariri ko bangon mahaifa ya komo kamar amsa-kuwwa a rijiya. Daga tsawon lokacin da ya yi kafin ya komo ake lissafa nisan abin da ya buga. Wani likitan mata a birnin Gilasgo na Sikotlan, Ian Donald, tare da wani injiniya mai suna Tom Brown, su ne suka fito da amfaninsa ga aikin likita a 1958.

Inda lissafi ya nuna ƙarfinsa sosai shi ne a na'urar nan da likitoci ke kira siti-sikan, mai nuna jiki yanka-yanka kamar an yanyanka rake. Ya kamata a tsaya a kanta kaɗan. A ɗauka an zana allo gida-gida, a kowane gida an rubuta wani adadi an rufe, ba a gaya wa mutum komai ba sai jimlar kowane layi: na tsaye, da na kwance, da na karkace. In layukan suna da yawa, mai ƙwarewa zai iya zama ya fitar da adadin da ke ɓoye a kowane gida ba tare da ya buɗe ko ɗaya ba. Irin wannan wasa da adadi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, gama Malam Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a kan hanyoyin cika gidajen hatimi yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya. To, abin da siti-sikan take yi ke nan da kan mutum. Tana harba siririn haske ta wannan gefe, ta auna abin da ya fita ta wancan, ta juya kaɗan ta sake, har ta kewaye. Kowane awo jimlar layi guda ne. Wani masanin lissafi ɗan ƙasar Ostiriya, Johann Radon, ya tabbatar tun 1917 cewa ana iya komo da surar abu daga irin waɗannan jimloli. Allan Cormack, wanda ya soma tunanin abin a wani asibiti a birnin Kef na Afirka ta Kudu, ya buga nasa lissafin a 1963 da 1964, ba wanda ya kula. Dalili kuwa a fili yake: hanyar tana nan, mai yin lissafin ne babu. In da za a tara dukkan akawunan En'e a ba su alƙalami, da majinyaci ya daɗe da rasuwa kafin su gama yanki guda.

Sai da na'ura mai ƙwaƙwalwa, watau kwamfuta, ta samu. Godfrey Hounsfield, injiniya a kamfanin EMI na Ingila, kamfanin da aka fi saninsa da buga faifan garmaho, shi ya haɗa haske da kwamfuta. Gwajinsa na fari ya ci kwana 9 ana awo, sa'an nan kwamfuta ta yi awa biyu da rabi tana lissafi kafin hoto ɗaya ya fito. Ran 1 ga watan Oktoba 1971 aka sa majinyaciya ta farko, wata mace da ake zaton tana da ƙari a ƙwaƙwalwa, a asibitin Atkinson Morley da ke Landan, kuma likitoci suka ga ciwon a inda yake ba tare da an fasa kai ba. Na'urar ta lokacin tana yin awo 28,800 don ta cika allo mai gida 80 a tsaye 80 a kwance, watau gida 6,400. Ta yau takan cika gida 512 sau 512, wato 262,144, a yanki ɗaya, ta kuma yi ɗaruruwan yanka kafin majinyaci ya saki numfashin da aka ce ya riƙe. An ba Hounsfield da Cormack lambar Nobel a 1979. Haka kuma na'urar maganaɗisu da ake kira em-ar-ai, wadda Paul Lauterbur da Peter Mansfield suka share wa hanya daga 1973, ba ta da wani hoto sai wanda kwamfuta ta lissafo daga raɗar da jiki ke mayarwa.

Abin lura a nan shi ne, hoton da likita yake ɗagawa yana dubawa babu idon da ya taɓa ganin asalinsa. Sakamakon lissafi ne, an fassara adadi zuwa fari da baƙi. Na'urar ba ta san kome ba. Alama take tattarawa, ta auna, ta kirdado. Lissafi kuwa tsohon bara ne a gidan Musulunci. Da shi ake raba gado, da shi ake fitar da alƙibla da lokutan salla. Muhammadu ɗan Musa al-Khawarizmi, wanda ya zauna a Bagadaza a zamanin Halifa Ma'amun, ya cika babban kashi na littafinsa na aljabara da mas'alolin wasiyya da gado, kuma daga sunansa ne Turawa suka samo kalmar da suke kiran jerin matakan da kwamfuta ke bi wajen warware lissafi.

Da wannan sai a koma ga ayar. Malaman farko ba su ga na'ura ba, amma sun ga likitoci da unguwar zoma masu kirdadon jinsin jariri, kuma sun yi magana. Alƙali Abubakar Ibnul Arabi, babban malamin Malikiyya na Andalus wanda ya rasu a shekara ta 543 bayan Hijira, ya rarrabe tsakanin mutum biyu, Imam Ƙurɗubi kuma ya ɗauko bayanin cikin tafsirinsa. Na ɗaya shi ne mai da'awar ya san abin da ke cikin mahaifa haka kawai, ba ta wata hanya ba. Wannan ya yi wa Allah kutse. Na biyu shi ne likitan da ya dubi wata alama a jikin mace, ya ce bisa ga abin da aka saba gani, mai irin wannan alama namiji takan haifa. Wannan ba a kafirta shi, ba a kuma fasiƙantar da shi, muddin ya jingina maganarsa ga al'ada da jarrabawa. Ibnu Kasir kuma, wanda ya rasu a 774, ya bayyana cewa idan Allah Ya yi umurni da a sura ɗan tayi namiji ko mace, mala'ikun da aka wakilta sukan sani, haka nan wanda Allah Ya so daga cikin halittarsa. Ashe ke nan tun ƙarnuka da suka wuce an san cewa abin da aka riga aka halitta, ya sami jiki da girma da wuri, ya fita daga gaibun da babu mai isa gare shi, ya shiga sahun abubuwan da ke ɓoye ga wani, bayyane ga wani. Gyaɗar da ke ƙarƙashin ƙasa ɓoyayya ce ga mai wucewa, amma manomin da ya tona gindi ɗaya ya duba bai yi da'awar gaibu ba.

Daɗa kuma ayar ba ta taƙaita ga namiji ko mace ba. Na'urar tana auna faɗin kan jariri da tsawon ƙashin cinyarsa, tana ƙirga bugun zuciyarsa. Ba ta faɗin ko zai rayu shekara ɗaya ko tamanin, ko zai zama alƙali ko ɓarawo, ko zai ci arzikinsa a Bagwai ko a Ikko, ko zai cika da imani. In an ninka ƙarfin kwamfuta sau dubu dubu ba za ta matsa kusa da waɗannan ko taki ɗaya ba, domin ba su da tsawo ko nauyin da sauti zai buga ya komo. Ko a ɗan abin da take iyawa ma takan yi kure: jariri ya juya baya, ko mai riƙe da na'urar bai ƙware ba, a ce mace a haifi namiji. Iliminta rinjayen zato ne, irin wanda shari'a ta yarda a yi aiki da shi, kamar yadda alƙali ke hukunci da shaidu biyu alhali bai ga abin da ya faru ba. Likitan da ya manta da haka, ya riƙa magana kamar mai karanta Lauhul Mahfuzu, ya fi dattijon zaure kusa da kuskure.

Wannan ɓangare na mas'alar mai sauƙi ne, kuma da nan ta tsaya da ba ta cancanci dogon bayani ba. Mai nauyin yana gaba. Na'urar ba ta rage kome daga sanin Allah ba, amma ta ƙara wani abu a wuyan bayinsa, gama uzurin rashin sani yana faɗuwa ne a ranar da hanyar sani ta samu.

Misali, akwai larurar da mabiyiya takan sauko ta tare bakin mahaifa. Mace tana lafiya lau, tana daka tana tankaɗe, sai ciki ya tsufa jini ya ɓalle kamar an buɗe famfo. A shekarun da, in haka ta sami mace a Gadanya ko Kiyawa ko Rimin Dako, ba mai laifi: unguwar zoma ba ta gani ba, miji bai sani ba, likitan Kano ma da wuya ya sani kafin jinin ya zo. Sai a yi wanka a yi sutura a ce kwana ya ƙare, kuma gaskiya ne. Yau kuwa hoton minti goma yana nuna wannan larura watanni kafin haihuwa, a gaya wa mace kada ta yarda naƙuda ta same ta a gida, a tanadi jini, a sa ranar da za a yi mata aiki. Haka jaririn da ya kwanta a gicciye, wanda ke jawo doguwar naƙuda da yoyon fitsari, haka tagwayen da ba a san da su ba, haka cikin da ya zauna a wajen mahaifa, wanda Abul Ƙasim az-Zahrawi, likitan Ƙurɗuba, ya siffanta shekara dubu da suka wuce ba tare da yana da abin hango shi ba. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2016 cewa kowace mai ciki a yi mata hoto sau ɗaya kafin mako na 24. Hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya sun ƙiyasta cewa a 2020 mata kamar 82,000 suka rasu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na dukkan irin wannan mutuwa a duniya.

Ga mutanen Bagwai sanin abu da wuri yana da wata daraja ta musamman, saboda ruwa. Madatsar Watari, wadda ta rayar da noman rani a ƙasar, ita ce kuma ta raba waɗansu ƙauyuka da garin, har ya zama hanyarsu mafi kusa ita ce jirgin ruwa. Ba a manta da ranar 30 ga Nuwamba 2021 ba, sa'ad da jirgin da ya taso daga Badau ya kife, mutum aƙalla 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi, Allah Ya jiƙansu. Wanda ya san wannan ruwa ya san abin da ake nufi da a ce jini ya ɓalle wa mace a tsallake da tsakar dare. Wadda aka gaya wa tun tana wata shida takan ƙetare da rana tsaka, da ƙafarta, ta zauna wurin 'yan'uwa kusa da asibiti.

To, mai cewa tawakkali fa? Ajali ba ya gaba ba ya baya, wannan babu Musulmin da ke musu. Amma ba a tambayar bawa ajali, ana tambayarsa abin da ya yi da abin da aka ba shi. Lokacin annobar Amwas, wajen shekara ta 18 bayan Hijira, Sayyidina Umar ya nufi Sham, da ya isa Sarg ya sami labarin cutar, ya yi shawara ya juya da jama'a. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi. Umar ya ba shi misali da makiyayin da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe, ya nuna masa cewa duk gefen da ya kora raƙumansa da ƙaddarar Allah ya kora su. Abin da ya juyar da Umar labari ne da ya riske shi a hanya. Da labarin bai zo ba, ya shiga Sham babu zargi a kansa. Takardar nan da ke ƙarƙashin katifa ita ma labari ce da ta riski maigida a hanya. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ba a fi shi sanin tawakkali ba, bai ga ya saɓa wa imaninsa ba da ya zauna ya rubuta littattafai a kan magani, har da na ciwon ido da na basir.

Sai dai zalunci ne a ɗora wa maigida kayan duka. Mutumin da ya sayar da tunkiyarsa ta ƙarshe ya sayi hatsi, in ya kasa biyan kuɗin hoto, Allah ba Ya kallafa masa abin da ba ya iyawa. Laifinsa kaɗai, in akwai, shi ne ya sa wa talaucinsa rawanin addini maimakon ya fito ya nemi taimako. Nauyin da ya sauka daga kansa ba ya ɓacewa, yana komawa kan jama'a. Imam Gazali, wanda ya rasu a 505, da ya zo lissafa ilmomin duniya waɗanda suke farilla ta kifaya a cikin Ihya'u, likitanci da lissafi ya fara ambata, ya kuma yi kukan cewa garuruwa da yawa ba su da likita Musulmi alhali ɗalibai sun yi cincirindo a kan rassan fiƙihu da gardama. Abin mamaki, ilmomin nan biyu da ya jera su ne suka haɗu suka haifi na'urar da ake magana a kanta. Farilla ta kifaya kuwa hukuncinta sananne ne: in wasu suka tsaya da ita ta sauka daga kan saura, in kowa ya bari kowa ya yi laifi gwargwadon ikonsa.

A da ana iya cewa abin ya fi ƙarfin ƙauye, kuma har yanzu siti-sikan da em-ar-ai kayan manyan asibitoci ne irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, masu bukatar wuta mai ƙarfi da ɗaki mai sanyi da injiniya a kusa. Amma ƙarfin kwamfuta da ya yi ta ninkuwa tun daga shekarun 1960 ya ƙanƙantar da sauran. Lissafin da a zamanin Hounsfield sai an ɗauki faifai an kai wa wata babbar na'ura a wani gini, yau wayar da ke aljihun ɗan acaɓa ta fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba. Tun wajen 2017 akwai na'urar hoton ciki wadda ba ta fi tocila girma ba, ana haɗa ta da wayar hannu, ana cajinta da hasken rana. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a yi amfani da kwamfutar da aka horar da dubban hotuna ta karanta hoton ƙirji don tace masu alamun tarin fuka, daga ɗan shekara 15 zuwa sama, a wuraren da babu likitan da zai karanta. Nijeriya kuwa ita ce kan gaba a Afirka wajen yawan masu wannan cuta. Ƙaramar hukumar da ƙidayar 2006 ta ba ta mutum fiye da 160,000, mai mazaɓu goma, mai attajirai da 'yan siyasa da 'yan boko a Kano da Abuja, ba za ta ce ƙaramar na'ura ta gagare ta ba. Akan ga attajiri ya gina masallaci na uku a layin da na biyun bai cika sahu ba, alhali bai taɓa jin an ce masa wakafin na'ura, ko ɗaukar nauyin karatun mai sarrafa ta, sadaka ce mai gudana ba. Wannan gibin na masu wa'azi ne.

Haka nan maganar al'aura. Magidanta da yawa abin da ke hana su ba gaibu ba ne, kishi ne: ba sa son namiji ya buɗe cikin iyalinsu. Kishi abin yabo ne, kuma malamai sun halatta namiji ya duba mace gwargwadon larura in babu mace. Amma mutumin da ya ƙi namiji ya duba matarsa, ya kuma ƙi 'yarsa ta tafi makarantar unguwar zoma ta Dambatta ko sashen koyon ɗaukar hoton jiki na Jami'ar Bayero, ya toshe ƙofa biyu ya bar matar a tsakani. Daga gidan wa yake so macen da za ta duba ta ta fito?

Ba a ce duk abin da na'urar ta kawo alheri ba ne. A ƙasar Indiya sanin jinsin jariri ya zama hanyar zubar da cikin 'ya'ya mata, har ta kai gwamnati ta yi doka a 1994 ta hana likita gaya wa iyaye namiji ne ko mace. Jahiliyyar da Alƙur'ani ya yi tir da ita, ta binne 'ya mace, ta komo da farar riga. Ba a san ƙasar Hausa da wannan ba, amma an san mijin da fuskarsa ke canzawa in an ce mace ce ta biyar, ya rage cefane, ya soma zancen ƙarin aure tun matar tana ɗauke da cikin. An kuma san masu ɗakin hoto na kasuwa da ke sa mace ta yi ta komowa kowane wata ba don wata larura ba sai don kuɗi, da masu tura majinyaci siti-sikan ba bisa bukata ba, alhali haskenta ya ninka na hoton ƙirji sau da yawa, yawansa kuwa yana da illa. Abin da na'ura ta gani kuma amana ne. Cikin da ya girmi ranar aure, ko ciwon da mai shi bai so a sani ba, in ya fita daga bakin ma'aikaci ya shiga gari, an yi amfani da ni'ima an tona asirin da Allah Ya rufa.

Mafi wuyar duka ita ce ranar da hoto ya nuna abin da babu magani, kamar jaririn da ƙoƙon kansa da ƙwaƙwalwarsa ba su haɗu ba, wanda likitoci suka san ba ya rayuwa bayan haihuwa sai ɗan lokaci. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ta zauna a Makka a 1990 ta ba da fatawa cewa in kwamitin amintattun likitoci ya tabbatar da mummunar naƙasa marar magani, ana iya fitar da cikin bisa roƙon iyaye kafin ya cika kwana 120. Bayan haka kuwa ba ya halatta sai in ran uwar yana cikin haɗari. Mashahurin zance a mazhabar Malikiyya, wadda mutanen ƙasar nan ke bi, ya fi haka tsanani, don yana hana taɓa ciki tun daga shigarsa, dokar ƙasa ma ba ta buɗe ƙofar ba sai don ceton uwa. Ga shi kuma kwana 120 yana daidai da wajen mako na 19 a ƙirgar asibiti, hoton da ke bin gaɓoɓi ɗaya-ɗaya kuwa akan yi shi ne tsakanin mako na 18 da na 22, matan karkara da yawa ma ba sa fara awo sai ciki ya fito. Saboda haka a mafi yawan lokuta labarin yana zuwa ne bayan ƙofar ta rufe a kan kowane ƙauli. Abin da ya saura a ɗakin shi ne ma'aikaciya guda da gilashi a gabanta, da mace a kwance tana tambaya, “Malama, lafiya dai ko?” Za ta gaya mata yanzu, ko sai mijin ya zo, ko za ta tura ta Kano a sake dubawa tukuna, tun da na'ura takan yi kure? In an gaya mata, wa zai zauna da ita cikin wata huɗun da suka rage, tana jin motsin ɗan da aka ce ba zai zauna ba? Makarantar da ta koya wa ma'aikaciyar riƙon na'ura ba lalle ta koya mata wannan ba, limamin garin kuma, wanda matar za ta aika a tambaya, sau da yawa bai taɓa shiga ɗakin hoto ya ga abin da gilashin ke nunawa ba.